Baƙon Dawa a Cikin Gari: Shin Yana da Haƙƙi a Kanmu?

Gabatarwa

 Batun da nake so mu tattauna a wannan fitowa ta mujallarmu, na san wani da ya ga kan maganar zai yi tsaki ya ce, "Wannan ai zancen wanda ya ƙoshi ne." Ina roƙon mai irin wannan ra'ayi ya yi haƙuri ya bi ni zuwa ƙarshe, domin ni ma da haka na ɗauki abin, sai da wani al'amari ya same ni wanda ya tilasta mini yin tunani.

Wata rana da bazara, bayan la'asar, ina komawa ɗakin da nake haya, sai na tarar da yara sun yi cincirindo a bakin wani lungu suna ihu. Da na leƙa sai na ga ɗan mujiya ne, ko gashin kirki bai gama fitarwa ba, sun ɗaure masa ƙafa da zare suna ja, shi kuwa yana ta huci kamar maciji. Wata tsohuwa tana zaune a ƙofar gida tana cewa, "Ku kashe ta ku huta, tsuntsuwar mayu ce." Na ce, "Haba Iya, ai ɗan jariri ne, me ya sani?" Ta ce, "Kai dai ɗan nan, boko ya ɓata ku." Na zaro naira 500 na ba babban cikin yaran, na karɓi tsuntsun na sa shi a kwali, na tafi ina jin kaina kamar wanda ya yi wani babban jihadi.

Bayan kwana biyu sai ga sallama. Yaran nan ne, riƙe da wasu 'ya'yan mujiya guda biyu, suka ce, "Yaya, mun kawo maka sauran, naira 1,000 za ka bayar." Ashe da suka ga abin yana kawo kuɗi, sai suka hau silin wani ajin makaranta da ke kusa, suka kwashe sheƙar duka. Ɗaya daga cikin biyun fiffikensa ya karye wajen ciro shi, kafin gari ya waye ya mutu. To, wa ya kashe shi? Yaran da suka hau silin, ko ni da na buɗe musu kasuwa? Tun daga ran nan tambayoyi uku suka tsaya mini a rai. Shin naman dawa da ya faɗo cikin gari yana da wani haƙƙi a kanmu? In yana da shi, ina iyakarsa? Kuma wane irin taimako ne ya cancanci a kira shi taimako?

Wane ne baƙo, wane ne ɗan gari?

Mukan ce dabba ta "shigo gari", watau mu ne masu gida ita ce baƙuwa. Amma in mun duba tarihi, a wurare da yawa garin ne ya tarar da dabbar. Babbar kasuwar birnin Kano, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa cikin ƙarni na 15, har yau Kasuwar Kurmi ake kiranta, kuma kowane Bahaushe ya san abin da ake nufi da kurmi. Kaduna an ce daga kadojin koginta ta samo suna. A ƙidayar 1963 mutanen birnin Kano ba su kai rabin miliyan ba, yau kuwa sun haura miliyan 3, kuma kowane sabon rukunin gidaje a kan gona ko fadama ko saura aka gina shi. Jami'o'inmu ma, da ta Samaru da sabon mazaunin Jami'ar Bayero da ke hanyar Gwarzo, duk a bayan gari aka yanka musu fili, wuraren da damo da bushiya da kurege suka riga mu zama.

Hausawa na cewa abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Mujiya a kogon itace take ƙwai, da kogon dutse. Da muka sare kuka da rimi da tsamiya muka yi itace da gawayi, sai ta koma silin makaranta da hasumiyar masallaci. Guza a bakin kududdufi yake, da muka cike kududdufin muka yi shaguna sai ya koma kwalbati. Mesa da kada sau da yawa ambaliya ce take kawo su unguwa, ambaliyar kuwa mu ne muka tsananta ta da gini a kan hanyar ruwa. Wasu kuma da hannunmu muka kawo su, kamar ɗan birin da mafarauci ya harbe uwarsa ya kawo shi kasuwa, da kurar da gardi ya sa wa takunkumi yana yawon neman kuɗi da ita. Saboda haka tun kafin mu kai ga maganar tausayi, akwai maganar alhaki. Wanda ya rushe wa wani gida, sa'an nan ya tarar da shi kwance a zaurensa, bai kamata ya tambaye shi me ya kawo shi ba.

Abin da addini da masana suka ce

Mafi yawanmu Musulmi ne, don haka ya kyautu mu fara da abin da muka tashi muna ji a makarantar allo da ta ilimi. A cikin Suratul An'am, aya ta 38, Allah Ya bayyana cewa dabbobin da ke tafiya a ƙasa da tsuntsayen da ke tashi al'ummomi ne kamar yadda muke al'umma. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Sun kuma ruwaito labarin mutumin da aka gafarta wa don ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a takalminsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, inda Annabi (SAW) ya sanar da sahabbai cewa akwai lada a kyautata wa duk wani mai rai. Wanda ya fi kusa da labarina shi ne wanda Abu Dawuda ya kawo, cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa guda biyu, uwar ta zo tana ta kaɗa fiffike a kansu, Annabi (SAW) ya umarce su su mayar mata da 'ya'yanta. A lura fa, wannan tsuntsuwa ba ta kowa ba ce, ba wanda zai yi asarar ko kwabo in ta rasa 'ya'yan. Damuwarta kaɗai aka duba.

Game da camfin da Iya ta kawo kuwa, hadisi ingantacce ya kore shu'umci da tsuntsaye, kuma malamai da yawa sun fassara ɗaya daga cikin abubuwan da aka kore ɗin da cewa mujiya ce, domin Larabawan jahiliyya ma sun ɗauki kukanta a kan gida alamar mutuwa. Ashe ke nan wanda ya jefi mujiya don tsoron mutuwa, al'adar da Musulunci ya zo ya rushe yake rayawa, ko da kuwa yana ganin kariya yake yi wa iyalinsa.

Masanan falsafa su ma sun daɗe suna kai-kawo a kan batun. A Basra, cikin ƙarni na 10, wasu masana da ake kira Ikhwanus Safa sun rubuta wata doguwar ƙissa inda dabbobi suka kai ƙarar ɗan Adam gaban sarkin aljannu, suna neman ya kawo hujjar da ta sa ya mai da su bayi. A Turai, Rene Dekart na Faransa, a littafinsa na 1637, ya kamanta dabbobi da na'urori marasa hankali. Imanuwel Kant na Jamus ya ce ba mu da wani wajibi kai tsaye a kan dabba, amma mai zaluntar dabba zuciyarsa za ta ƙeƙashe har ya zalunci mutum. Jeremi Bentam na Ingila kuwa, a 1789, ya ce abin dubawa shi ne ko dabba tana jin zafi, domin rashin magana da rashin hankali ba su hana ta wahala.

Ni a ganina Kant ya faɗi rabin gaskiya. Lalle yaron da ya saba jan ɗan tsuntsu da zare har ya mutu yana koyon wani darasi, watau cewa marar ƙarfi abin wasa ne, kuma wannan darasi zai bi shi har ranar da zai zama miji ko shugaba. Amma in don gyaran zuciyarmu kaɗai muke tausaya wa dabba, to, da za a sami mutumin da zalunci ba ya taɓa zuciyarsa, sai mu ce ya halatta gare shi ke nan? Labarin kyanwar nan ya nuna cewa ita kanta kyanwar aka zalunta. Nan ne maganar Bentam ta yi kusa da abin da muka gada.

Hujjojin masu suka

Ba adalci ba ne in kawo gefe ɗaya in bar ɗayan, domin masu sukar wannan ra'ayi suna da hujjoji masu nauyi.

Hujja ta farko ita ce: ana ta kai wa yake ta kaya? A garin da almajiri yake kwana da yunwa, majinyaci yake mutuwa don rashin kuɗin magani, wane ne zai tsaya jinyar mujiya? Wannan magana tana da ƙarfi, kuma na yarda cewa in mutum yana da loma ɗaya, ga yaro mai yunwa ga dabba mai yunwa, yaron ne ya fi cancanta. Sai dai mu tambayi kanmu, sau nawa zaɓin yake zuwa a haka? Hana yaro jifan tsuntsu ba ya rage wa almajiri tuwo. Mayar da ɗan tsuntsu sheƙarsa ba ya cin kuɗin maganin kowa. Abin da na lura kuma shi ne, wanda ya fi saurin kawo wannan hujja, sau da yawa almajirin ma bai ba shi komai ba. Tausayi kamar rijiya yake, ɗiba ce take ƙara masa ruwa.

Daɗin daɗawa, raba maslahar mutum da ta dabba gida biyu kuskure ne. Mu ɗauki angulu. Iyayenmu sun san lokacin da ba a raba mahauta da angulu a kowace kwata da kowace kasuwa, yau kuwa ɗalibai da yawa ba su taɓa ganinta ido da ido ba. Farautarta don tsibbu da sayar da sassan jikinta na daga cikin abin da ya ƙarar da ita, har a 2015 ƙungiyar duniya mai lura da halittu, IUCN, ta sa irin angulun da muka saba gani a gari cikin jerin waɗanda ke dab da ƙarewa. Abin da rashinta ke jawowa an gan shi a Indiya. Daga shekarun 1990 angulayen ƙasar suka ragu da fiye da kashi 95 cikin 100, saboda wani maganin ciwon jiki mai suna diclofenac da ake yi wa shanu, wanda ke lalata ƙodar angulun da ta ci mushen. Kafin a hana amfani da shi ga dabbobi a 2006, mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan da ba su da masu su suka yawaita, haɗarin ciwon haukan kare ya ƙaru. Haka mujiya, a dare ɗaya takan ci ɓeraye biyu ko uku, in tana da 'ya'ya kuwa abin da take kamawa ya ninka haka. A ƙasar da ɓera ke cinye hatsi a rumbu, wani irinsa kuma yake yaɗa zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969, kashe mujiya kamar korar maigadin da ba ya karɓar albashi ne.

Hujja ta biyu ita ce haɗari. Gamsheƙa a ɗakin yara ba baƙuwar da za a shimfiɗa wa tabarma ba ce, kuma duk wanda ya san yawan mutanen da ake kaiwa asibitin Kaltungo a Jihar Gombe saboda saran kububuwa ba zai yi wasa da wannan magana ba. A nan babu gardama, ran mutum ne a gaba. Shari'a ma ta yarda a kashe mai cutarwa, kamar kunama da ɓera da kare mai cizo. Tarihinmu kuma yana yabon Bayajidda don ya kashe macijin rijiyar Kusugu da ya hana mutanen Daura ruwa. Amma a duba yadda malamanmu suka auna abin. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an kawo cewa macizan da suka bayyana a gidajen Madina akan yi musu gargaɗi har sau uku kafin a kashe, kuma yin haka a wasu garuruwa abu ne mai kyau. Littafin ya kuma karhanta kashe kwaɗi, ya karhanta kashe ƙwarƙwata da wuta. Darasin da na ɗauka shi ne, izinin kisa don kare kai ne, kuma gwargwadon haɗari ne. Bai haɗa da bushiya da hawainiya da kunkuru da mujiya ba, waɗanda ba su da wani laifi sai na kama da ba ta yi mana daɗin gani ba. Ko wanda ya wajaba a kashe, ba a yarda a azabtar da shi ba, balle a zuba masa fetur a kunna ashana ana dariya.

Hujja ta uku ita ce wadda ta fi damuna, domin ni kaina na zama shaidarta: garin gyaran gira akan rasa ido. Kuɗin da na bayar da kyakkyawar niyya su ne suka kwashe sheƙa. Ban da wannan, daren farko madara na ɗura wa tsuntsun, sai da wani abokina mai karatun likitan dabbobi ya ce mini na kusa kashe shi, domin tsuntsu ba ya shan nono, mujiya kuwa nama ɗanye kaɗai take ci. Akwai kuma masu ɗauke ɗan tsuntsun da ke koyon tashi suna zaton maraya ne, alhali uwarsa na kan reshe tana kallo. Akwai masu karɓar ɗan biri ko barewa su ɗaure a gida su ce sun cece ta, alhali kurkuku kawai suka sake mata. Wannan hujja gaskiya ce, sai dai abin da ta rushe shi ne taimakon jahilci. Likitan da ya ba da maganin da bai dace ba, laifinsa rashin sani ne, ba wanda zai ce saboda shi a rufe asibiti.

Matsayina

Bisa ga abin da ya gabata, ina ganin haƙƙin naman dawa a kanmu hawa uku ne. Hawa na farko shi ne kada mu cuce shi ba gaira ba dalili, kuma kada mu zuba ido ana cutarsa alhali muna iya hanawa da baki. Wannan wajibi ne a kan kowa, mai kuɗi da talaka, domin ba ya cin ko sisi. Hawa na biyu shi ne mu ɗauke cutar da mu muka jawo, kamar dabbar da ta faɗa rijiyar da muka bari a buɗe, ko ta maƙale a wayar shingenmu, ko motarmu ta buge ta, ko muka yaye rufin da 'ya'yanta suke ciki. Wannan biyan bashi ne, kuma mai biyan bashi ba ya jiran a gode masa. Hawa na uku shi ne taimaka wa wadda wahalarta ba daga gare mu take ba. Wannan ihsani ne, wanda ya yi ya sami lada, wanda bai iya ba ba a zarge shi. A nan ma akwai iyaka, domin shirwar da ta ɗauki ɗan kurciya abincinta take nema, ba mu da hurumin shiga tsakani.

Ma'aunin taimako na gaskiya kuwa ɗaya ne: shin dabbar ta koma rayuwar da aka halicce ta dominta? In ɗan tsuntsu ne, a nemi sheƙarsa a mayar da shi, kuma zancen da ake yi cewa uwa takan ƙi ɗan da hannun mutum ya taɓa ba shi da tushe. In mai rauni ne, a sa shi a kwali mai 'yan ƙofofin iska, a ajiye a wuri mai duhu da shiru, kada a ɗura masa ruwa ko abinci da ƙarfi, a nemi asibitin dabbobi ko ma'aikatan gandun daji. Jemage da biri da duk wani mai cizo kada a taɓa su da hannu, saboda cututtukan da suke iya ɗauka. Maciji kuwa a fitar da yara, a ba shi hanya, a kira wanda ya san aikin. Sa'an nan kada a saya, ko da don a saki ne, domin duk naira ɗaya da aka biya kira ce ga mai kamawa ya koma daji.

Hukuma ma tana da nata kason. An kafa gandun Yankari tun 1956, an gina gidan namun daji na Kano a zamanin Gwamna Audu Baƙo a farkon shekarun 1970, an kuma yi dokar soja mai lamba 11 ta 1985 don hana fataucin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. Amma doka a takarda ba ta ɗaga ɗan mujiya daga ƙasa. Abin da talaka yake bukata shi ne ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa in ya wayi gari da kada a kwalbatinsa. Maƙwabtanmu na Nijar sun nuna cewa abin mai yiwuwa ne, domin raƙuman dawan yankin Kure, da ba su wuce 50 ba a 1996, sun haura 600 bayan kimanin shekara 20, suna kiwo a gefen gonakin mutane.

Kammalawa

Wataƙila mai karatu yana so ya ji ƙarshen 'ya'yan mujiyar nan. Na je na sami maigadin makarantar, wani dattijo, na ce, "Baba, alfarma na zo nema." Da ya ji bayanina ya yi dariya ya ce, "Yaro, ai tun da ta tare a silin nan ɓera ya daina ci mana littattafai." Ya ɗauko tsani, muka mayar da biyun da suka rage, ya kuma yi wa yaran kashedi. Dare na biyu ya ji hucinsu yana tashi, alamar uwar ta dawo da abinci. Na ukun kuwa mun riga mun binne shi, kuma har yau ina ganin da hannuna a mutuwarsa.

Al'adarmu ba baƙuwar wannan tarbiyya ba ce. Shamuwa takan yi sheƙa a itacen tsakar gida, ba mai taɓa ta, har murna ake yi da zuwanta don tana yi mana albishir da damina. Abin da nake kira gare shi shi ne mu faɗaɗa wannan karamci ya kai ga waɗanda ba su zo mana da albishir ba. Mu ɗalibai mu ne za mu zama malaman makaranta da alƙalai da masu tsara birane, kuma abin da muka ɗauka ƙarami yau shi za mu koya wa na baya. Ina fata 'yan'uwa masu ra'ayi dabam, musamman na sashen shari'a da na kimiyyar halittu, za su ɗauki alƙalami su yi mini gyara a fitowa ta gaba. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Allah Ya sa mu zama masu jin ƙai, Ya kuma ji ƙanmu, amin.